Wa ya raɗa wa gangaren nan suna?

Ni fa ina da wata ɗabi'a da ake min dariya a kanta, wato kallon taswira, kuma ba taswirar ƙasashe ba, taswirar wuraren da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin wadda za ka ga an zana dutse fari fat sannan an ja layuka kore da shuɗi da ja da baƙi suna gangarowa kamar jijiyar ganye. Wasan kam ban iya ba, sau ɗaya na taɓa ɗaura katakan nan a ƙafa kuma abinda ya faru ranan gara a bar shi a rufe, amma sunayen da ake rubutawa a jikin layukan nan su suka kama ni har yau ban kuɓuta ba. Kowace gangara da sunanta, wata sunan mutum, wata sunan dabba, wata kuma in ka ji fassararta sai ka ce anya masu wurin nan suna so a dawo kuwa.

Abin ya samo asali ne wata rana ina kallon tseren Lauberhorn a talabijin, wanda ake yi duk watan Janairu a Wengen ta ƙasar Suwizalan, tun 1930 ake yinsa kuma shi ne mafi tsawo a gasar duniya, ya haura kilomita huɗu. Mai sharhi sai ambaton sunaye yake da sauri-sauri duk inda ɗan tsere ya wuce, ga shi a Hundschopf, ga shi a Minsch-Kante, ya shiga Canadian Corner, ya nufi Kernen-S, ni kuma na zaci duk sunayen gwanaye ne da suka ci kofi a wurin. Ashe ba haka ba. Hundschopf dai kan kare ke nan, wani tsalle ne ta tsakanin duwatsu. Shi kuwa Minsch, Josef Minsch, ɗan tseren Suwizalan ne da ya yi mummunar faɗuwa a daidai wurin a 1965, shikenan wurin ya zama nasa. Kwanar 'yan Kanada ma haka, Ken Read da Dave Irwin ne suka sha ƙasa a nan a 1976. Can ƙasa kuma akwai Österreicherloch, ramin 'yan Ostiriya, saboda a 1954 gwanayensu sun zube a wurin har da Toni Sailer wanda daga baya ya zama babban tauraro. Wato kai ka faɗi ka ji ciwo a ɗauke ka a makara, sannan shekara sittin ana kiran sunanka a daidai inda ka kifa, duk duniya na ji. Na yi dariya sosai a lokacin, amma da na zauna na yi tunani sai na ga ai wannan ma karramawa ce, kuma irin wadda ba kwamiti ne ya zauna ya bayar ba, bakin mutane ne ya fara faɗa har ta zauna. Shi Bruno Kernen da ya yi hatsari a 'yar lanƙwasar nan ta Kernen-S a 1997 ya ma dawo ya ci tseren a 2003, to shi nasa ya zo da sauƙi.

Kafin in yi nisa, me ya sa ma ake sa sunan? Dalili na farko ba na soyayya ba ne sam, na ceto ne. Mutum ya karye a tsakiyar dutse, sanyi na cinsa, wanda ya gan shi ya kira 'yan sintirin ceto, dole ya iya cewa ga inda yake a kalma ɗaya ko biyu, ba wai ya tsaya yana cewa can wajen wata bishiya ba. Shi ya sa wurare da yawa a Ostiriya da Italiya lamba kawai suke sawa, ja mai lamba kaza, baƙi mai lamba kaza, aiki ya tafi. Launin kuma shi ke faɗa maka wuyar hanya, a Turai shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, a Amurka da Kanada kuwa koren da'ira, shuɗin murabba'i, sai baƙin daimon. Lamba tana aiki ba musu, amma wa ya taɓa komawa gida yana ba jikokinsa labarin ranar da ya sauko ta lamba 14?

Tsofaffin sunaye mafi yawa ba wanda ya ƙirƙire su saboda wasa, can dama suna nan. A tsaunukan Alps wuraren nan makiyaya ce ta manoma tun kafin a san za a yi zamiya a kai, to sai gangara ta gaji sunan makiyayar. Streif ta Kitzbühel a Ostiriya, wadda duk ɗan tsere ke shakka, daga makiyayar Streifalm ta samo suna, dutsen kansa kuma Hahnenkamm, wato tukkun zakara. A cikinta akwai Mausefalle, tarkon ɓera, inda gangarowar ta kai kashi 85 cikin ɗari, mutum na shiga sai ka ga ya ɓace a iska. A Val Gardena ta Italiya akwai Saslong, dogon dutse ke nan a harshen Ladin na mutanen kwarin, kuma a tsakiyarta akwai wasu tudunni da suke kira tozon raƙumi, wallahi ranar da na ji wannan sai da na koma na sake kallo, kuma sun yi kama ɗin. A Amurka kuwa inda garuruwan suka tashi a kan haƙar ma'adinai, kamar Aspen da Park City, sunayen ramukan azurfa aka kwaso, Little Nell ta Aspen sunan wani filin haƙa ne. A Blackcomb ta Kanada kalmomin masu saran katako suka ɗauka, irin su Catskinner, wato direban katafilar da ke jan gungume, da Springboard, allon da mai sara ke tsayawa a kai. Wannan ya burge ni, don ko ba a kira sunan mutum ɗaya ba an tuna da sana'ar da ta riƙe wurin kafin baƙi masu hutu su zo.

Na zakaru ba zan daɗe a kai ba don kowa zai iya hasashensa. Ka ci zinare a Olamfik, garinku ya ba ka gangara. Val d'Isère ta Faransa tana da OK, harafin farko na Henri Oreiller da ya ci zinare a 1948 da Jean-Claude Killy da ya kwashe uku a Grenoble a 1968. Sun Valley ta Amurka ta jera matanta, Gretchen's Gold don Gretchen Fraser, Christin's Silver don Christin Cooper, Picabo's Street, da Muffy's Medals don Muffy Davis wadda ta yi tsere a gasar masu buƙata ta musamman. A Kitzbühel duk wanda ya ci tsere ana rubuta sunansa a jikin ɗaya daga akwatunan da ke hawa da mutane kan waya. Madalla, sun cancanta. Sai dai shi zakara ko ba a ba shi dutse ba sunansa na cikin littafi, yana da lambarsa a rataye a ɗaki. Waɗanda ni suka fi tsaya min a rai su ne mutanen gari da ba su ci komai ba.

Ɗauki Taos a jihar New Mexico ta Amurka. Wanda ya kafa wurin a 1955 Ernie Blake ne, haifaffen Jamus daga gidan Yahudawa, sunansa na asali Ernst Bloch, ya yi aikin leƙen asiri a sojan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu. Da ya tashi raɗa suna sai ya sa wa wasu daga cikin mafi tsaurin gangarensa Stauffenberg da Oster da Tresckow, hafsoshin Jamus da suka ƙulla kashe Hitla, shi Stauffenberg ne ma ya ajiye bam ɗin ranar 20 ga Yuli 1944 abin bai yi ba aka harbe shi. Ka ga mutum ya rubuta tarihin da ke cin zuciyarsa a jikin dutse a wata nahiya daban. Amma fa gangarar da ta fi kowace suna a Taos ba ta janar ba ce, Al's Run ce, ta wani likitan garin, Dakta Al Rosen, wanda zuciya ta ba shi matsala amma ya ƙi barin wasan, ya riƙa saukowa da tukunyar iskar oksijin a goye da abin shaƙa a fuska, shekara da shekaru. Gangarar tana nan daidai ƙarƙashin kujerun da ke hawa da mutane, a tsaye take kamar bango kuma cike da tudunni, ita baƙo ke fara gani in ya iso, har sai da masu wurin suka kafa allo a ƙasa suna ba mutane haƙuri cewa kar su firgita, wannan ɗan yanki ne kawai na dutsen, akwai masu sauƙi. To yanzu dubi, likitan da ya yi ta duba marasa lafiyan garin, yau yaro ɗan shekara goma da bai san ko wane ne shi ba zai ce wa abokinsa mu haɗu a gindin Al's. Ni a ganina babu allon tagulla a bangon asibiti da zai yi masa wannan.

Na Vail a Kolorado ya fi ba ni haushi da daɗi a haɗe. Sunan wurin gaba ɗaya na Charles Vail ne, injiniyan hanya na jihar, saboda an riga an sa wa mashigar dutsen da titi ya ratsa sunansa, shi ba ruwansa da zamiya. Wanda ya san dutsen kuwa Earl Eaton ne, ɗan yankin, ya tashi a nan, ya yi yawon neman yuraniyom a tsaunukan har ya san bayan dutsen da ba a hangowa daga titi. Shi ya ja Pete Seibert a watan Maris 1957 suka hau da ƙafa awa da awanni har suka leƙa manyan kwaruruwan nan marasa bishiya. Seibert tsohon soja ne na runduna ta 10 ta tsaunuka, wadda ta yi atisaye a Camp Hale nan kusa, ya samu mummunan rauni a Italiya, shi ya sa da aka buɗe Vail a Disamba 1962 aka samu gangara mai suna Riva Ridge, sunan tudun da rundunar ta hau cikin dare a Fabrairu 1945 ta ƙwace daga hannun Jamusawa. Akwai Minnie's Mile don Charles Minot Dole, mai laƙabi Minnie, da ya kafa ƙungiyar sintirin ceto ta ƙasar a 1938, akwai Pepi's Face don Pepi Gramshammer, ɗan tseren Ostiriya da ya zauna a garin ya buɗe masauki. Sai a shekarar 2000 da aka buɗe sabon yanki, Blue Sky Basin, aka sa wa kwari ɗaya Pete's Bowl ɗaya kuma Earl's Bowl. Abin da na yaba shi ne dukkansu suna raye, Pete ya rasu 2002, Earl 2008, sun ga abinsu da ido. Don gaskiya yabon da ake jira sai mutum ya kwanta dama, iyalansa ake wa, ba shi ba.

Ba wai na bayan rai ba shi da amfani ba ne. A Steamboat Springs ta Kolorado akwai Buddy Werner, ɗan garin, gwanin da duk Amurka ke ji da shi, zaftarewar ƙanƙara ta binne shi kusa da St. Moritz a Afrilu 1964 yana ɗan shekara 28, shekara na zagayowa aka canza wa dutsen garin suna daga Storm Mountain zuwa Mount Werner, kuma a saman Buddy's Run akwai mutum-mutuminsa da masu saukowa ke ɗan taɓawa kafin su wuce. A Whistler ta Kanada akwai Dave Murray Downhill, na ɗan tseren ƙasar da ciwon daji ya kashe a 1990, a kanta aka yi tseren maza na Olamfik ɗin 2010, mata kuma suka yi nasu a Franz's Run, ta Franz Wilhelmsen ɗan Norwe da ya jagoranci buɗe wurin. Har akwai uba da ɗa, Jim McConkey yana da tasa a Whistler, ɗansa Shane da ya rasu a tsaunukan Italiya a 2009 aka ba shi tasa a Kalifoniya. Irin wannan ta'aziyya ce gari ke wa kansa, kuma ban ga laifinta ba.

Mata fa? Suna nan amma sai ka tona. Ruthie's Run ta Aspen sunan Ruth Humphreys Brown ce, wadda ta tuƙa jiragen soja lokacin yaƙi, ita ta ba da kuɗi aka share hanyar don a samu wadda ba sai gwani ba, tunda ta farko, Roch Run da André Roch ɗan Suwizalan ya zana, ba ta kowa da kowa ba ce. Wanda ya fi ba ni dariya kuma ya ɗan sosa min rai shi ne KT-22 a Kalifoniya. Sandy Poulsen ce, matar Wayne Poulsen da ya sayi fili a kwarin, ta tsinci kanta a saman wani tsauni mai tsananin gangara a shekarun 1940, ta kasa saukowa kai tsaye, sai ta riƙa tafiya a karkace, ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafa ta juya katako, ta sake komawa ɗaya gefen, har sau 22 kafin ta kai ƙasa. Harufan nan biyu na sunan wannan juyin ne a Turance, 22 kuma ƙidayar da aka yi mata. Yau duk wani gwani na alfahari da KT-22, sunan ya fito daga tsoron da wata baiwar Allah ta ji da kuma taurin ranta na sai ta sauka, amma sunanta ita babu a ciki.

Wani lokacin ma ba wanda ya yi aikin ake ba ba. Corbet's Couloir a Jackson Hole ta Amurka, wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu da sai ka yi tsalle ka faɗa cikinsa tukuna, sunan Barry Corbet ne, mai hawan tsaunuka, wanda ya hango wurin a 1960 ya ce wata rana wani zai sauka ta nan. Wanda ya fara sauka ɗin ɗan sintiri ne, Lonnie Ball, a 1967. Mai faɗa ya samu suna, mai yi ya samu labari. Shi Corbet kuma a 1968 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi wajen ɗaukar fim, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu yana editan mujallar masu buƙata ta musamman, sai ka rasa ma me za ka ce, ka ce a ƙwace a ba Ball? A'a, bari dai.

Sannan akwai sunan da ya zama dole a cire. Shi wannan kwarin na KT-22, inda aka yi Olamfik na hunturu a 1960, shekaru da dama ana kiransa Squaw Valley, kalmar da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna cewa zagi ce ga matansu. A Satumba 2021 aka koma Palisades Tahoe bayan an zauna da ƙabilar Washoe masu ƙasar tun asali, aka kuma sa wa ɗaya daga layukan kujerun hawa Wa She Shu, yadda suke kiran kansu. Na ga masu ƙorafi wai an goge musu tarihi, wai da tsohon sunan suka girma. Na gane zafin sabo, sabo ai turken wawa ne inji masu magana, amma in ana maganar mutanen gari da suka cancanci a tuna da su, wa ya riga waɗannan zama a wurin? Kai shekara hamsin kake kirga, su kakanni suke kirgawa.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne, in ka bi taswirorin nan ɗaya bayan ɗaya za ka ga mai kafa wuri, mai zuba jari kamar C.V. Starr da ke da gangararsa a Stowe ta Amurka, zakara, sojan da ya yi suna, amma da wuya ka ci karo da wanda ke tuƙa motar baje ƙanƙara daga tsakar dare zuwa asuba shi kaɗai a kan dutse, ko wanda ya shekara talatin a tsaye cikin sanyi yana riƙe wa yara kujera su hau, ko matar da ke koya wa 'yan makarantar garin wasan duk hunturu. Su ne fa suka san kowane lungu, kuma abin mamaki su ne ma suke raɗa yawancin sunayen da ba sa kan taswira, irin wanda ma'aikata ke faɗa a rediyo tsakaninsu, wurin da wane ya maƙale da mota, bishiyar da wance ta rungume, tun ana yi da wasa har wani manaja ya gaji ya sa a buga a allo. Ni da za a tambaye ni, duk lokacin da aka share sabuwar gangara kafin a kira masu talla su kawo suna mai daɗin sayarwa, a shiga ɗakin da ma'aikata ke shan ɗumi a tambaye su me suke kiran wurin, don na tabbata sun riga sun sa masa, kuma akwai yiwuwar sunan wani ne a cikinsu.

Wani abokina da na dame shi da wannan zance ya ce min to ai duk a banza ne, masu saukowa ba su san waye Al ba, ba su san Ruthie ba, suna ne kawai kamar lamba. Na ce masa eh mafi yawa ba su sani ba, amma hawa kujerar nan minti goma ne ko fiye kana zaune da baƙo kafaɗa da kafaɗa ba abin yi, kuma a nan ne wani zai ce wai shi wannan Al ɗin waye, in aka yi sa'a akwai dattijo a gefe da zai ce ai likita ne, da tukunyar iska yake saukowa. Bai yarda ba dai, ya ce ina da lokacin ɓatawa. Ni kuwa in Allah ya kai ni Taos wata rana zan hau kujerar nan in leƙa ƙasa in gaida Dakta Al daga sama, amma saukowa kam ta koriyar hanya zan bi, a hankali, ko da juyi 22 ne.